Mata zalla a tsibiran Azores: yadda wani siririn mazari ke hayayyafa babu namiji

Shin da gaske ne mace za ta iya haihuwa ba tare da namiji ya kusance ta ba? Tambayar nan takan taso duk sanda wani labari ya ɓullo daga gidajen namun daji. A watan Yunin 2023 masana sun wallafa batun wata kada a ƙasar Kosta Rika wadda ta shekara 16 a killace ita kaɗai, amma da aka fasa ɗaya daga cikin ƙwayayen da ta saka sai aka tarar da ɗan tayi cikakke. Kafin wannan, a 2021, gwajin ƙwayoyin gado ya nuna cewa wasu 'ya'yan babbar ungulun Kalifoniya guda biyu ba su da uba. Da irin wannan labari ya fito sai jama'a su rabu gida biyu: masu cewa ƙanzon kurege ne, da masu tsokanar maza cewa su tattara nasu ya nasu, an daina yayinsu.

Kowane ɓangare ya yi azarɓaɓi. Abin yana faruwa, amma na kada da na ungulu bai je ko'ina ba: ɗan tayin kadar bai zo da rai ba, 'ya'yan ungulun kuma sun mutu ba su bar baya ba. Mai son ganin inda lamarin ya zauna da gindinsa sai ya duba wani ɗan ƙwaro da masana ke kira Ischnura hastata, a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, can tsakiyar tekun Atlantika. A can duk wanda aka kama mace ce, uwarta ma haka, kakarta ma haka. Cikin nau'o'in mazari sama da 6,000 da aka sani a duniya, nan kaɗai aka tabbatar da haka.

Wane ƙwaro ne wannan?

Dangin mazari reshe biyu ne. Akwai manya masu kaurin jiki, waɗanda idanunsu suka kusan cinye kan gaba ɗaya, masu tsananin gudu, idan sun sauka su bar fukafukansu a baje. Akwai kuma sirara, masu idanu a rabe, ɗaya a kowane gefen kai, waɗanda tashinsu ba ƙarfi, kuma galibinsu in sun sauka sukan haɗe fukafukai a saman baya. Ischnura hastata na cikin sirara, kuma ko a cikinsu ƙarami ne: tsawonsa milimita 20 zuwa 27, wajen rabin tsinken ashana ke nan. Shi ake ɗauka mafi ƙanƙanta a Arewacin Amurka. Masanin ƙwari Thomas Say ne ya fara siffanta shi a rubuce kusan 1840.

Asalinsa ɗan nahiyar Amurka ne, daga kudancin Kanada har arewacin Amurka ta Kudu, da tsibiran Karibiyan da na Galapagos. A duk waɗannan wurare akwai maza akwai mata. Namijin ba ya ɓuya: ƙirjinsa kore da baƙi, doguwar jelarsa rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, ga wani ɗan tsini mai baki biyu a ƙarshenta. Akwai kuma wata alama da ba a samu a wani siririn mazari ba. Kusan kowane mazari yana da ɗan tabo mai launi kusa da ƙarshen fiffike, manne da bakin fiffiken. Na wannan namijin, a fukafukan gaba, ja-ja ne kuma ya janye ciki, bai taɓa bakin ba. Mace kuwa tana fara rayuwa da launin ruwan goro mai haske, tana girma tana dishewa, har ta koma ruwan toka mai duhu. Wanda bai sani ba zai rantse ƙwari biyu ne daban.

Ba ya son babban ruwa. Wurinsa bakin kududdufi mara zurfi, dausayi, da inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa, muddin ciyawa ta yi kauri. Tashinsa ƙasa-ƙasa ne, daga wannan tsinken ciyawa zuwa wancan, yana tsintar ƙananan ƙwari. Mutum zai iya ratsa ɗaruruwansu bai lura ba.

Rayuwar da ba a gani

Mai fukafukan da ake gani a bakin ruwa ƙarshen labari ne, kuma 'yan kwanaki ko makonni kawai yake yi. Mafi yawan rayuwar a cikin ruwa take. Mace tana da wani ɗan kaifi a ƙarƙashin jelarta da take tsaga jikin ciyawar ruwa da shi, ta cusa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ke nan in babu ciyawar da ta dace, babu wurin saka ƙwai, ko da ruwan garau yake.

Abin da ke fitowa daga ƙwan tsutsa ce siririya mai ƙafa shida, da wasu faifai uku masu siffar ganye a ƙarshen jikinta, waɗanda ke taimaka mata shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa da kuma iyo. Mafarauciya ce ta gaske. Leɓenta na ƙasa dogo ne mai gaɓa, a naɗe ƙarƙashin kai, da ƙugiyoyi a bakinsa. Takan lafe a jikin ciyawa ba motsi. Da tsutsar sauro ko wani ɗan ƙwaron ruwa ya gifta sai leɓen ya harba gaba, ya cafko, ya dawo da shi baki kafin ƙiftawar ido. Tana ci tana girma tana saɓa, sau goma ko fiye. Ranar ƙarshe sai ta hau ciyawa ta bar ruwa, bayanta ya tsage, sabon ƙwaro ya zaro jikinsa a hankali, laushi laƙwas, fukafukai a cukurkuɗe. Sai ya tura ruwan jiki cikin jijiyoyinsu su miƙe, ya jira su bushe. A wannan ɗan lokaci ba ya iya gudu, tsuntsu da kwaɗo da gizo-gizo kuwa sun san haka.

Inda akwai maza, barbarar dangin mazari abin kallo ce. Namiji yakan fara lanƙwasa jelarsa ya ɗebo maniyyi daga ƙarshenta ya ajiye a wata ma'ajiya kusa da ƙirji. Sai ya riƙe mace ta wuya da ƙarshen jelarsa, ita kuma ta lanƙwaso tata ta haɗa da ma'ajiyar, su zama kamar zobe. A 1979 wani masani mai suna Jonathan Waage ya nuna, a wani nau'in siririn mazari daban, cewa namiji kan fara kwashe maniyyin wanda ya riga shi daga jikin macen kafin ya zuba nasa. Duk wannan ɗawainiya matan Azores sun huta da ita.

Yadda aka gano babu maza

An daɗe ana kallon abin ba a gan shi ba. Matan wannan dangi suna kama da juna ƙwarai, kuma da siffar namiji aka fi rarrabe nau'i. Da yake mata kaɗai masu tattara ƙwari ke samu a Azores, shekaru da dama ana ɗaukar su a matsayin Ischnura senegalensis, wani ɗan'uwansu da ya bazu a Afirka da Asiya. Sai a 1990 wasu masana biyu daga Holan, Belle da van Tol, suka nuna cewa ƙwaron na Amurka ne, suka kuma lura cewa babu namiji ko ɗaya cikin abin da aka tara.

Rashin ganin namiji ba hujja ba ce a kan kansa. Ƙila mazan suna fitowa a wani lokaci daban, ko suna mutuwa da wuri, ko suna laɓewa inda ba a duba ba. Abin da ya raba gardama shi ne aikin Adolfo Cordero Rivera na Jami'ar Vigo a Sifaniya da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2005. Sun reni ƙwarin a ɗakin bincike, inda babu ta yadda namiji zai kai ga matan. Matan suka saka ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka girma suka saka nasu. Zuriya bayan zuriya, ɗaruruwan 'ya'ya, duka mata.

Ta yaya ƙwai ke ƙyanƙyashewa babu maniyyi?

A ƙa'ida, ƙwan mace yana ɗauke da rabin gadon halitta ne, maniyyi ya kawo ɗaya rabin. Haihuwa babu namiji, wadda masana ke kira fatenojenesis, tana buƙatar hanyar cike wannan giɓi, kuma hanyoyin sun bambanta. Wannan bambanci shi ne abin da rahotannin jaridu suka fi tsallakewa.

A wajen kada da ungulu da ƙaton damon Komodo, wanda aka ga nasa a gidajen namun dajin Ingila a 2006, ƙwan yakan raba gadon biyu kamar kullum, sannan ya haɗe da wani ɓurɓushin da ya rage daga rabon. Ɗan da aka samu ba kwafin uwarsa ba ne sak. Ya yi asarar wani kaso na bambancin da ke jikinta, duk wata naƙasa da take ɓoye kuma tana iya bayyana, shi ya sa irin waɗannan 'ya'ya ba su cika yin ƙwari ba. A tsuntsaye da damon Komodo ma, saboda tsarin da ke tantance jinsi a jikinsu, maza ake haifa ta wannan hanya.

Na Azores ba haka ba ne. Binciken da Olalla Lorenzo-Carballa da Cordero Rivera suka wallafa a 2009 ya nuna cewa ƙwan ba ya raba gadon sam. Yana fitowa da cikakken abin da ke jikin uwa, 'ya ta zama kwafin uwarta. A yawancin dangin mazari mace na da kuromosom X biyu, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke tantance jinsi, namiji na da ɗaya. Tunda uwa ta miƙa duka biyun, babu ƙofar da namiji zai fito ta cikinta. Masanan sun kuma duba wani zato mai ƙarfi. Akwai bakteriya irin su Wolbachia da ke zaune cikin ƙwayoyin jikin ƙwari, waɗanda a wasu ƙananan zanzaro ke sa a haifi mata zalla, har in aka ba su maganin kashe bakteriya maza su dawo. A wannan mazarin ba a sami hannun bakteriya ba.

A duniyar ƙwari dai haihuwa babu barbara ba baƙon abu ba ne. Mazan ƙudan zuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa, ƙwarin darɓa kuma kan shafe lokacin ɗumi mata na haifar mata. Mutum fa? Hanyar a toshe take gare shi da sauran masu shayarwa, domin akwai wasu ƙwayoyin gado da ba sa aiki sai in ta wajen uba suka zo, wasu kuma sai ta wajen uwa. A 2004 masana a Japan sun samar da ɓera daga uwaye biyu, amma sai da suka sauya ƙwayoyin gadon da hannu, kuma cikin ɗaruruwan ƙwayaye ɗaya ce ta girma.

Ya aka yi ya ƙetare teku?

Azores tsibirai tara ne da aman wuta ya tayar daga ƙarƙashin teku, wajen kilomita 1,400 yamma da Lizbon, babban birnin Fotugal, sama da kilomita 3,000 daga gaɓar gabashin Amurka. Ba su taɓa haɗewa da wata nahiya ba, don haka duk abin da ke can zuwa ya yi. Nau'in mazari huɗu kacal ke zaune a tsibiran.

Ƙwaron da da ƙyar yake tsallake kududdufi ba zai yi wannan tafiya da ƙarfin fiffikensa ba. Rashin nauyin nasa ne jarinsa: iska kan ɗaga shi sama ta yi gaba da shi, iskar wannan yanki na Atlantika kuwa daga yamma take kaɗowa zuwa gabas. An ga makamancin haka a watan Satumbar 1998, lokacin da wani babban mazarin Amurka ya bayyana a kudu maso yammacin Ingila bayan guguwa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa matan Azores kusan abu ɗaya ne a duk tsibiran, abin da ya dace da zuwa sau ɗaya, ba da daɗewa ba a ma'aunin tarihin halittu.

A nan amfanin dabarar yake fitowa. Mace mai buƙatar namiji, in ta faɗo tsibiri, sai zuriyarta sun yi ta neman juna a wurin da 'yan kaɗan ne su. Wadda ba ta buƙata kuwa ita kaɗai ta isa gayya. Sai dai kada a ɗauka zaman tsibiri ne ke jawo haka kai tsaye. An je Galapagos an duba, aka tarar da maza da mata suna barbara yadda aka saba.

Riba da hasara

Lissafin ribar mai sauƙi ne, kuma masanin halittu John Maynard Smith ya fayyace shi tun shekarun 1970. A ce mata biyu kowacce ta saka ƙwai 100. Mai barbara za ta sami mata 50 da maza 50, waɗanda ba sa saka ƙwai. Ɗayar za ta sami mata 100. Kowace zuriya tazarar na ninkuwa. Bayan zuriya goma, marar barbara ta ninka mai barbara sau 1,024. In haka ne, tambayar gaskiya ba ita ce me ya sa matan Azores suka bar maza ba. Ita ce me ya sa kusan dukkan dabbobin duniya ba su bi sahu ba.

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce barbara tana cakuɗa gado. Kowane ɗa ya fito da haɗi na daban, saboda haka idan cuta ta zo, ko zafi ya ƙaru, ko ruwa ya sauya, akan sami waɗanda suka jure. A cikin kwafi kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ga kuma ƙananan kurakurai da ke shiga gado lokaci zuwa lokaci: inda ake cakuɗawa ana iya tace su, inda ake kwafa sai dai su taru. Shi ya sa mafi yawan zuriyoyin dabbobi marasa barbara ƙananan rassa ne da ba su daɗe ba.

A ganina, wanda ya kira matan Azores gwanaye ya wuce gona da iri, wanda ya kira su kuskuren halitta ma haka. Caca ce da ta ci a wuri na musamman: tsibiri mai sanyin yanayi da ba ya canzawa sosai, abokan gasa 'yan kaɗan, tafkunan da asali babu kifi a cikinsu. Muddin wurin bai sauya ba, kwafi ya wadatar. Ga shi kuwa wurin yana sauyawa.

Shanu, taki da kududdufi

A Amurka wannan ƙwaro ba shi da tsirfa, yana cikin na farko da ke sauka a sabon kududdufi. A Azores kuwa an fi samun sa a tafkuna da kududdufan tudu masu tsabtataccen ruwa da ciyawa mai yawa. Masu binciken da suka koma suka sake zagaya wuraren sun tarar ya ɓace daga wasu kududdufan da shanu suka lalata.

Ruwa ba ya tsami banza. Azores ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na faɗin ƙasar Fotugal ba, amma wajen kashi 30 cikin 100 na madarar ƙasar daga can take fitowa. Shanu na kiwo a fili duk shekara, makiyayar kuma ana zuba mata takin zamani. Ruwan sama ya wanko taki da kashin shanu zuwa kududdufi, gansakuka ta samu abinci ta rufe ruwan, haske ya daina kaiwa ƙasa, ciyawar ruwa ta mutu, ruɓewarta ta cinye iskar da tsutsa ke shaƙa. Kofato kuma ya tattake ciyawar baki, inda mace ke saka ƙwai kuma tsutsa ke hawa ta fito. Ƙari a kan haka, mutane sun shigo da kifaye cikin tafkunan, da wani koren kwaɗo daga yankin Fotugal da Sifaniya, duka masu cin ƙwari.

Makiyayi na da hujjarsa: madara ce ke riƙe da tattalin arzikin tsibiran, kududdufin kuma mashayar dabbobinsa ce. Akwai ma masu tambayar dalilin damuwa da ƙwaron da ya cika nahiyar Amurka, wanda ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ba ta sa shi cikin masu fuskantar barazana a duniya ba. Masu kare muhalli sukan amsa cewa nau'in na da yawa, amma zuriyar mata zalla ɗaya ce tak, in ta tafi babu inda za a samo wata. Jerin mazarin Turai da ke cikin haɗari na 2010 ya sa shi cikin masu rauni saboda ƙarancin wuraren da yake.

Gardamar ba ta tsaya kan ƙwaro ba, domin takin da ke kore shi daga ƙaramin kududdufi shi ne ya mayar da manyan tafkunan Furnas da Sete Cidades a tsibirin São Miguel kore, tafkunan da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗin jirgi su gani. A Furnas sai da gwamnatin yankin ta sayi makiyayun da ke kewaye da tafkin, ta janye shanu, ta dasa itatuwa. Ƙaramin kududdufi ba ya buƙatar wannan kashe kuɗi: shinge a kewaye da shi da kwamin shan ruwa a waje sun rage yawancin ɓarnar.

Abin da ya shafi kowa

Mazari ba ya harbi, ba ya ɗauke da cuta, kuma yana cin sauro a ruwa da a iska. Amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Sauro kan gama rayuwarsa ta ruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani ko sawun taya, inda tsutsar mazari ba za ta rayu ba. Babban amfaninsa ga mutum shi ne shaida a kan ruwa: nau'o'in da ba sa jure gurɓata sukan ɓace tun kafin ido ya ga ruwan ya canza.

A watan Disambar 2021 IUCN ta fitar da nazari na farko da ya game dangin mazari duka, inda ta ce kashi 16 cikin 100 na nau'o'i 6,016 na fuskantar barazanar ƙarewa, galibi saboda lalacewar dausayi da koguna. Rahoton 2018 na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dausayi, ya ƙiyasta cewa duniya ta yi asarar kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, ninki uku na saurin ɓacewar dazuzzuka. Ƙananan kududdufai irin na Azores su ne suka fi sauƙin salwanta cikin wannan lissafi, domin da yawansu ba sa kan taswira, kuma cike ɗaya da ƙasa aikin yini guda ne ga motar tona.